Ranar da Aka Binne Manjo Sallau a Cibiya

Ku gyara zama, ku bar hirar gefe. Labarin nan rabinsa da idona na gani, sauran rabin kuma daga bakin waɗanda abin ya faru da su na ji.

Garuruwa biyu ne, Garin Faru a kan tudu, Kwarin Maje a gangare, fadama ɗaya a tsakaninsu. Tun kakanni suke auren juna, tun kakanni kuma suke kashe juna a kan fadamar nan. Duk shekarar da ruwa ya janye aka fita gyaran gona, sai an ɗauko gawa, wata shekarar ɗaya, wata shekarar biyar.

Sallau Barmo ɗan garuruwan biyu ne, ubansa mutumin Faru, uwarsa 'yar Maje. Ya shiga soja yana ɗan shekara goma sha tara, aka kai shi Kwango, ya dawo, yaƙin basasa ya same shi cikin kaki. Ya fito da muƙamin manjo, da kuma ɓarɓashin ƙarfe a ƙugu wanda ya sa shi ɗingishi har ƙarshen ransa. Ba ya son a tambaye shi labarin yaƙi. In an matsa masa sai ya ce ya ga abin da ya gani, kuma ba ya fatan ɗan kowa ya gani.

Da aka koma mulkin farar hula, aka zaɓe shi majalisar dokokin jiha. Wasu sun je majalisa sun dawo da tumbi. Shi da doka ya dawo, wadda ya yi shekara uku yana kai gwauro yana kai mari a kanta: a auna fadama, a kafa duwatsun iyaka, kowa ya san nasa. Ya kuma sa aka gina makaranta a bakin fadamar, inda 'ya'yan Faru da na Maje ke zama benci ɗaya. Ko bayan ya bar majalisa, duk farkon damina sai ya bi duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya da sandarsa, yana ɗingishi, yana gaisawa da manoman ɓangare biyu. Shekara goma sha takwas ba a zub da jini ba.

Wuri ɗaya ne dokar ba ta kashe maganarsa ba. A tsakiyar fadama akwai wani ɗan tudu da tsamiya ɗaya a kansa, ana ce masa Cibiya. Awo ya ba mutanen Maje shi. Mutanen Faru ba su taɓa yarda a zuci ba, kunyar Manjo ce kawai ta sa suka haɗiye. Kowa ya san ranar da Manjo ya rufe ido, daga Cibiya wutar za ta tashi.

Gab da kaka, dawa ta fid da kai, ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibitin gunduma. Ranar Laraba da hantsi jikinsa ya rikice. Babban ɗansa Bashari ya fita kiran likita, ba kowa a ɗakin sai ma'aikaciyar jinya mai suna Tabawa, 'yar Kwarin Maje. Manjo ya ce ta ba shi takarda da biro. Ba ta sami komai kusa ba sai katin da ake rubuta maganinsa, ta juya masa bayansa. Ya rubuta layi uku, ya sa hannu, ya ce ta damƙa wa Bashari hannu da hannu, kada ta ba kowa saƙo. Ya yi kalmar shahada. Kafin likita ya iso, rai ya yi halinsa.

Dangi daga Faru na zaune a harabar asibiti. Wani a cikinsu ya tambayi wanda ya yi masa allurar ƙarshe, aka ce 'yar Maje ce. Iyakar maganar ke nan. Amma kafin ta zagaya harabar ta dawo, ta zama wai mutanen Maje sun gaji da Manjo, suna so su tura iyaka gaba, shi ne suka sa 'yarsu ta kashe shi da allura. Shugaban asibitin ya ga yadda idanun mutane suka juya, ya tura Tabawa ɗakin ajiye magani ya kulle don ya tsare ranta. Tana ciki tana buga ƙofa, aka sa gawa a mota aka wuce Garin Faru. Katin nan yana aljihunta.

Kafin azahar labari ya kai garuruwan biyu, kowane da irin nasa. A Faru aka haƙa kabari, aka sa jana'iza bayan la'asar, aka kuma yi shelar cewa duk ɗan Maje da ya tako garin, jininsa a kansa. A Maje aka ce an hana su yi wa ɗan 'yarsu salla, an kuma yi wa 'yarsu ƙazafin kisan kai. Suka sauko da kwari da baka, da adduna, da bindigogin harbi-ka-ruga da suka daɗe a rataye, suka fito suka ja daga a Cibiya. Mu ma mutanen Faru muka fito da namu muka tsaya a bakin gari. Na ce mu, don ina ciki, da gora a hannuna, ba zan ɓoye muku ba.

To, a wannan yinin ne mutum uku suka yi abin da ya sa nake zaune a gabanku da raina.

Ta farko ita ce Tabawa. Da aka buɗe mata ƙofa, shugaban asibitin ya riga ya tanadi motar da za ta kai ta birni, inda mijinta da 'ya'yanta uku suke. Ita kuwa ta karanta abin da ke jikin katin, ta kuma san idan la'asar ta yi aka binne shi a Faru, magana ta ƙare, don ba a tono gawa. Abokan aikinta suka ce ta ba wani ya kai. Ta ce mamacin ya ce hannu da hannu, kuma duk ɗan Faru da ya karanta katin a hanya, yaga shi zai yi. Ta yafa mayafi a kan fararen kayan aikinta, ta hau babur. Mai babur ɗin ya sauke ta a mararraba, ya ce shi daga nan ba ya ƙara taku ɗaya. Ta ƙarasa sauran tafiyar da ƙafa, mil huɗu, rana na tsaka.

A ƙofar gidan Manjo wata mata ta gane ta da fararen takalmanta, ta ambaci sunanta. Nan take wurin ya hargitse. Dutse ya same ta a goshi, ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya, jini ya rufe mata ido, ta sake miƙewa. Ba ta gudu ba, ba ta kuma tsaya kare kanta ba. Abu ɗaya take ta maimaitawa.

"Ku kai ni gun Bashari. In na ba shi saƙon ubansa, sai ku yi yadda kuka ga dama da ni."

Wasu dattawa biyu suka sa ta a tsakiya suka shigar da ita zaure. Ta zaro katin ta miƙa wa Bashari. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya fito ƙofar gida ya karanta wa jama'a: "Ku binne ni a Cibiya, gindin tsamiya. Faru da Maje su yi mini salla a sahu ɗaya. Wanda ya zo da makami, ban yafe ba."

Ba wanda ya yi shakkar rubutun, don rabin mutanen garin Manjo ne ya rubuta musu takardar neman aiki ko ta shiga makaranta. Wasu suka fara tambayar kansu ko mutum zai damƙa wa wadda ta kashe shi wasiyyarsa. Hannayen da ke riƙe da duwatsu suka sauka. Da ba don Tabawa ba, da an binne Manjo a Faru, da wasiyyar ta bi shi ƙasa ba wanda ya ji ta.

Amma takarda ba ta ɗaukar makara. Bashari ya nemi mutum huɗu su kama, aka rasa. Wasu suka ce kabari na nan an haƙa, ba za su kai ubansu gonar abokan gaba ba. Wasu kuma tsoro ne ya riƙe su, don daga bakin gari ana hango ƙyallin adduna a Cibiya. Hanya ɗaya ce ta ratsa fadamar, siririya, shinkafa dama da hagu, ba wurin ɓuya. Duk wanda ya shiga gaba, shi ne abin harbi.

Na biyu shi ne Saje Mantau. Shi ba ɗan Faru ba ne, ba ɗan Maje ba, baƙo ne daga nesa. A yaƙi aka harbe shi a ciki, Manjo ya goya shi yini guda cikin daji har inda likitoci suke, shi ne da aka sallame su ya biyo shi ya zauna a garinsa. Ya haura shekara saba'in a lokacin. Ya shiga ɗakinsa ya sa tsohon kakinsa, wanda ya yi masa yawa saboda rama, ya ɗaura shanu biyu a amalanke ya kawo ƙofar gida. Shi da Bashari da liman suka ɗora makarar. Ya kama igiyar shanun ya shiga gaba, ya ce da Bashari da liman su tsaya bayan amalanke, kada wanda ya zo kusa da shi.

Kunya ta sa muka bi su, amma daga nesa, kamar taku ɗari biyu. Kuma gaskiya ɗaya ce, ba mu ajiye makamai ba, ɓoye su muka yi cikin riguna. Ba ka jin komai sai ƙarar ƙafar amalanke da numfashin shanu. Mutanen Maje kuwa ba su san da wata wasiyya ba. Abin da suka gani shi ne soja a gaba, taron Faru a baya.

Saura kaɗan a kai gindin tudun Cibiya, bindiga ta tashi daga ɓangaren Maje. Wani ne ta kuɓuce masa. Ƙarafan suka shiga kafaɗar Saje ta hagu. Shanu suka zabura za su kifar da makarar cikin shinkafa, ya naɗe igiyar a hannun da aka harba ya tokare su. Mu a baya mun ji ƙarar, mun ga hayaƙin, mun zaro abin da ke cikin riguna mun fara gudu. Da ya faɗi, ko da ya dafa kafaɗar nan, da a ranar an cika fadamar da gawa.

Bai faɗi ba. Ya juyo mana da gefensa na dama yadda ba za mu ga jinin ba, ya ƙame, ya sara wa makarar, ya ɗaga murya irin ta filin fareti.

"Madalla da mutanen Maje. Haka ake tarbar soja, da harbin girmamawa. Manjo ya gode."

Muka tsaya cak, muna duban juna. Shi kuwa ya juya ya ci gaba da jan shanunsa, taku ɗaya bayan ɗaya, jini na bin hannun rigarsa yana ɗiga ta yatsunsa, har ya tsayar da amalanke a gaban bakin bindigogi. Da ba don Saje Mantau ba, da wasiyyar ta tsaya a ƙofar gida, ko ta mutu a tsakiyar hanya.

Amma isa Cibiya daban, samun wurin kwanciya a cikinta daban. Ƙasar tana da mai ita.

Na uku shi ne Alhaji Isiyaku, mai gonar Cibiya, kuma shi ne jagoran mutanen Maje a ranar. Sau biyu ya tsaya takara da Manjo, sau biyu Manjo ya kayar da shi. A faɗan ƙarshe da aka yi kafin dokar awo, a gindin tsamiyar nan mutanen Faru suka kashe ƙanensa, kuma Manjo ne ya hana a ɗauki fansa. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. In sun haɗu a wurin ɗaurin aure, ɗaya ya zauna gabas, ɗaya yamma. 'Ya'yan ƙanen nasa su uku, waɗanda shi ya rene su har suka zama magidanta, suna tsaye a bayansa da makamansu.

Bashari ya fito daga bayan amalanke ya miƙa masa katin. Alhaji Isiyaku ya karanta. Ya san abin da ake nema a gare shi. In kabari ya shiga gonar nan, ta tashi daga gona har abada, ta zama wurin da ɗan Faru zai zo ziyara ba mai ikon hana shi. Gonar da ya gada ce, dawarsa a kanta saura mako uku a yanka. Mutanensa suka matso suna ce masa ga gawa ta kawo kanta, a karɓe ta a kai Maje a binne kusa da uwarsa, in Faru na da ƙarfi su zo su karɓa. Babban ɗan ƙanensa ya ce masa, a hankali amma kowa ya ji, "Baba, a nan jinin ubanmu ya zuba. Nan za ka kwantar da wanda ya hana mu rama?"

Alhaji Isiyaku ya daɗe yana duban makarar. Daga inda yake tsaye yana ganin abin da mu ba mu gani ba, wato jinin da ke ɗiga daga hannun Saje. Ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa wa tsohon sojan a kafaɗa, kamar mai karrama baƙo. Sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi adda.

Mun riga mun iso gindin tudun, tsakaninmu da su bai fi jifa ba. Alhaji Isiyaku ya karɓi addar, ya wuce Bashari, ya wuce makarar, ya tafi gindin tsamiya ya fara sare dawarsa. Sai da ya share fili mai faɗi sannan ya ɗago.

"Na daɗe ina jira in ga bayan Sallau," in ji shi. "To, na gani, kuma karo na uku ke nan da ya kayar da ni. Ku ajiye makamai a bakin shinkafa, ku kawo diga."

Shi ya fara sara ƙasa. 'Ya'yan ƙanensa suka juya suka bar wurin, ba su waiwayo ba. Sauran mutanen Maje suka tara makamansu wuri ɗaya. Da muka ga haka, mu ma muka fito da namu muka zuba a kai. Da ba don Alhaji Isiyaku ba, da makarar ta iso Cibiya ta zama abin da za a yi yaƙi a kansa.

Aka yi salla sahu ɗaya, ba ka iya cewa wannan ɗan Faru ne, wancan ɗan Maje. Kafaɗata na jikin ta mutumin da nake shirin fasa wa kai ɗazu. Aka sa Manjo a makwancinsa rana na shirin faɗuwa. Sai da aka gama zuba ƙasa Saje Mantau ya sulale ya faɗi, babbar rigar ta zame, muka ga abin da ya ɓoye. Amma a lokacin mun riga mun yi salla tare, makamai kuma na can a tare, ba wanda ya je ya ɗauki nasa.

Kowane a cikin ukun ya biya abin da ya yi. Likita ya tabbatar zuciya ce ta kashe Manjo, amma tabon dutsen bai bar goshin Tabawa ba, idonta na hagu ma bai ƙara gani sosai ba, har ta kai ga barin aikin jinya da take ƙauna. Hannun Saje ya shanye, kuma har ya koma ga Allah bai faɗi sunan wanda ya harbe shi ba, ko da yake ya ga fuskarsa. Alhaji Isiyaku ya rasa gonar gado, ya rasa jagorancin garinsu, 'ya'yan da ya rena kuma ba su sake taka ƙofar gidansa ba.

Ranar addu'ar arba'in, manyan sojoji da wakilan majalisa suka zo Cibiya. Aka karanta tarihin Manjo, wuraren da ya yi yaƙi, da dokokin da ya kawo. Sojoji suka busa ƙaho, suka naɗe tutar ƙasa suka miƙa wa Bashari da hannu biyu. Bashari ya karɓa, ya yi godiya, sannan ya ce shi sunan ubansa ya ishe shi gado. Ya ce aikin da ubansa ya yi shekara da shekaru yana ginawa ya kusa rushewa a yini ɗaya, kuma ba shi ya tare shi ba. Tutar nan, in ji shi, ta wanda ya fi kowa tsare wannan aikin ce a cikin mutum ukun. Tuta ɗaya ce, ba a kuma yanka tuta a raba.

Ba ɗaya a cikinsu da ya ce a ba shi. Jama'a ce ta kasu uku. Wasu suka ce Tabawa, domin ita kaɗai ce tana da motar tsira a gabanta ta ƙi shiga, ta tafi ita kaɗai, mace, ba makami, garin da ake neman ranta, don amanar wanda ba zai taɓa sanin ko ta cika ba. Wasu suka ce Saje Mantau, domin shi ne harsashi ya shiga jikinsa ya haɗiye zafin, ya kuma nemo maganar da ta tsayar da mutum ɗari biyu cikin ƙiftawar ido, alhali ba garinsa ba ne, ba gonarsa ba. Wasu kuma suka ce Alhaji Isiyaku, domin Tabawa amana aka ba ta, Saje kuma ransa Manjo ya taɓa ceta, amma shi babu abin da ke tsakaninsa da mamacin sai ƙiyayya, kuma da zuciyarsa ya yi kokawa, a gaban mutanensa, ya ba da ƙasa da 'ya'ya. Masu goyon bayan sauran biyun suka ce ai shi sai da abu ya zo gabansa ya yi, su kuwa da ƙafarsu suka je suka tarar da mutuwa.

Aka yi ta yi har magariba, dattawan gari biyu ba su tsayar da magana ba.

To, ku da kuka ji yadda aka yi: tsakanin Tabawa da ta kawo wasiyyar, da Saje Mantau da ya kai gawar, da Alhaji Isiyaku da ya ba da ƙasar, wa za a miƙa wa tutar Manjo?